Daga Kwangwalam zuwa ajin kasuwanci a ƙasar waje: gorar da ake fafewa tun da sauran shekara

A takardun gwamnati sunan garin Kongolam ne. A bakin direbobin da ke lodi a Daura kuwa Kwangwalam ne, kuma ba a taɓa jin fasinjan da ya ɓata saboda wannan bambanci ba. Gari ne na bakin iyaka a Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa. Mutum na wuce shingen kwastan da na shige da fice, ya ɗan taɓa tafiya, sai ga shi a Ɗan Barto ta ƙasar Nijar, a kan hanyar Matamaye da Damagaram. Ayarin fatake da ke tasowa daga Kano su nufi Agadas da Turabulus ta wannan yanki suke ratsawa a da, kuma har yau akwai garin da ake kira Zango a masarautar Daura.

Gari na iya amsa suna biyu ya zauna lafiya. Ɗalibin da ke neman gurbin karatu a ƙasar waje ba shi da wannan gata. Idan takardar WAEC ta ce Muhammad, fasfo ya ce Mohammed, lambar NIN kuma ta ce Muhammadu, ga mutanen gida duk Mamman ne ɗan gidan wane, amma ga ma'aikaciyar da ke duba takardu a Kuala Lumpur ko Landan mutum uku ne. Haka ranar haihuwa. Da yawa daga yaran karkara an yanka musu 1 ga Janairu ne ranar da aka kai su makaranta, daga baya wani ofishi ya sake yanka musu wata. Gyaran wannan kaɗai, da rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida da zarya a ofishin hukumar katin ɗan ƙasa, yakan ci watanni. Wannan ne aikin farko, tun kafin a yi zancen wace makaranta za a nema.

Fita neman ilimin ciniki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Aliko Ɗangote a Jami'ar Azhar ta Alƙahira ya karanta harkar kasuwanci kafin ya dawo ya kama ciniki a 1977 da rancen da ya samu a cikin dangi. Abdussamad Rabi'u na BUA a jihar Ohio ta Amurka ya yi karatun tattalin arziki. Abin da ya sauya shi ne yawan masu son tafiya, da tsadar tafiyar, da kuma tsaurin ƙofofin da ake bi.

Akan ruɗe tsakanin kwas biyu. MBA digiri ne na wanda ya riga ya yi aiki ko ya riƙe kasuwanci, kuma manyan makarantu sukan nemi shekara biyu zuwa uku na gogewa kafin su duba takardar mutum. Wanda ya gama hidimar ƙasa jiya, abin da ya dace da shi digiri na biyu ne a fanni guda: kuɗi da banki, akanta, tallata haja, ko sarrafa jigilar kaya. A Ingila shekara ɗaya ake yi, a Amurka MBA yakan ɗauki biyu. Mai babbar difloma ta kwalejin kimiyya da fasaha, irin wadda aka buɗe ta tarayya a Daura, sai ya tambayi makarantar a rubuce ko tana karɓar HND kai tsaye, don wasu na karɓa, wasu sai an yi difloma ta share fage.

A nan matasan bakin iyaka suke raina kansu ba gaira ba dalili. Wanda ya shekara biyar yana riƙe wa mahaifinsa littafin shago, ko yana kai shanu kudu daga kasuwar Mai'aduwa, ko yana lissafin buhunan wake da ridi, yana da gogewar da ake nema. Matsalarsa ita ce babu ko ɗaya a rubuce. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, da asusun banki na kasuwancin, da wasiƙa mai hatimi daga maigida, su ke mayar da zaman kasuwa ya zama abin da baƙo zai iya karantawa ya yarda.

Ina za a nufa? Idon mutane yakan tafi Ingila da Amurka da Kanada, amma malaman jami'o'i da kwalejojin Arewa da yawa a Maleshiya suka yi digirinsu na biyu da na uku a fannin gudanarwa, musamman a Universiti Utara Malaysia da ke Sintok a jihar Kedah. Abin dariya, ita ma jami'ar a bakin iyaka take, dab da ƙasar Tailan, don haka ɗan Kwangwalam ba zai ji baƙunta da ganin tirela a layin kwastan ba. Mai sha'awar bankin Musulunci kuma akwai INCEIF a Kuala Lumpur, wadda babban bankin ƙasar ya kafa a 2005. Akwai Masar, akwai Indiya, akwai Turkiyya.

Akwai kuma ƙasar wajen da ake iya zuwa da mota kafin la'asar. A Maraɗi akwai Jami'ar Maryam Abacha da aka kafa a 2013, wadda ke koyarwa da Turanci, ɗalibanta da yawa 'yan Najeriya ne. A Damagaram akwai Jami'ar André Salifou, a Maraɗi kuma Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, su da Faransanci suke karatu. Mai rubutun nan na ganin an yi sakaci da wannan ɓangare. Matashin da zai ƙare rayuwarsa yana ciniki tsakanin Kano da Damagaram da Yamai, Faransanci da sanin dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda ƙasashe 17 ciki har da Nijar ke aiki da su, za su fi masa amfani a kan wata takarda mai tsada daga garin da ba zai sake komawa ba. Wanda ya ƙware a harshen yana iya hangen CESAG a Dakar, makarantar gudanarwa da ke ƙarƙashin babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke kashe sefa.

Sai dai kusa ba ta hana ƙofa rufewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai an garƙame iyakar, ba a buɗe ba sai a Maris 2024, kuma kafin nan ma Najeriya ta taɓa rufe iyakokinta na ƙasa a Agusta 2019. A Janairu 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Ɗalibin da ya saba tsallakawa da gaisuwa da “ai ɗan gida ne” gara ya yi fasfo na gaskiya ya riƙe. Tun daga 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000. A haɗa da katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan da jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa.

Kafin a biya ko sisi, akwai tambayar da ta fi kowace muhimmanci: shin Najeriya ta san da zaman wannan makaranta? A ƙarshen Disamba 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken ɗan jarida Umar Audu, wanda ya nuna yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. Kwanaki kaɗan bayan haka Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. A Agusta 2024 ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce sama da mutum 22,000 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i takwas kacal gwamnati ta amince da su a can. Waɗanda suka zauna a aji da gaske suka sha wahalar karatu su ma guguwar ta kwashe su. Duk ejan ɗin da ya ce “kawo kuɗi kawai, sauran aikina ne”, a tambaye shi sunan makarantar, a je a bincika a ma'aikatar da hukumar NUC, sannan a rubuta wa makarantar kai tsaye daga adireshin da ke shafinta na intanet. Takardar neman gurbi ba ta buƙatar ɗan kamasho, mutum na iya cikawa da kansa a waya.

Takardun karatu su ma suna da nasu layin. Makarantar waje ba ta wadatuwa da kwalin digiri, tana son cikakken sakamakon kowane zango, kuma sau da yawa so take tsohuwar jami'ar ta aika mata da kanta. Duk wanda ya taɓa neman wannan takarda ya san ba aikin mako ɗaya ba ne. Wasu ƙasashen kuma sai an kai takardun Abuja, Ma'aikatar Ilimi ta buga hatimi, Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga, sannan ofishin jakadancinsu. Jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu sakamakonta ke aiki, ko da yake jami'o'in Ingila da dama na karɓar kiredit na Turanci a WAEC. Manyan makarantun MBA sukan nemi GMAT ko GRE. Sabon tsarin GMAT awa biyu da minti 15 ne, maki daga 205 zuwa 805, kuma lissafinsa bai fi na sakandare zurfi ba, saurin da ake so ne ke kayar da mutane.

Maganar kuɗi ita ce inda ake zubar da hawaye, kuma a nan ne ɗan Kwangwalam ya kamata ya fi kowa wayo. Ya ga 'yan canji zaune da damin naira da na sefa, ya san mutumin Nijar in ya ce dala yana nufin sefa biyar, in ya ce jikka yana nufin dubu, ya kuma san farashin safe ba lallai ya kai yamma ba. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan kowane yuro ɗaya, saboda haka duk ranar da naira ta zame a Legas, a bakin shingen nan ake fara jin zafin. To haka kuɗin makaranta yake. A Mayu 2023 dala ɗaya ta Amurka wajen naira 460 ce a farashin gwamnati. A Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 dala ta haura 1,500. Uban da ya yi lissafin dala 20,000 a kan naira miliyan tara da 'yan kai, ya sayar da gona ya tura ɗansa, ya wayi gari ana binsa miliyan 30. A Mayu 2024 labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside ta arewacin Ingila ya cika kafafen labarai, bayan sun kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci aka dakatar da su, wasu har aka ba su wa'adin barin ƙasar.

Darasin a fili yake ga duk wanda ya taɓa sayen kaya da kuɗin wata ƙasa. Lissafi da kuɗin can ake yinsa, kuma abin da aka tara a mayar da shi kuɗin can da wuri, ta asusun ajiyar kuɗin waje ko ta biyan makarantar kai tsaye ta banki da takardar Form A. Wanda ya biya kafin alƙalami kawai ya hau jirgi da fatan “Allah zai kawo sauran” ya sani cewa makarantar ba ta san bashin mutunci irin na kasuwar Mai'aduwa ba. Kwamfuta ce ke rufe masa shafin karatu ranar da wa'adi ya cika.

Ingila misali ce mai kyau ta yadda ƙananan kuɗaɗe ke taruwa su zama dutse. Bayan ragowar kuɗin makaranta, a farkon 2025 ana so ɗalibi ya nuna fam 1,136 na kowane wata har wata tara idan a wajen Landan zai zauna, wato fam 10,224, kusan naira miliyan 20 a canjin lokacin. Na Landan a lokacin fam 1,483 ne a wata, kuma adadin hawa yake yi lokaci zuwa lokaci. Kuɗin sai sun kwana 28 a jere a asusun ɗalibin ko na iyayensa ba tare da sun ragu ko na yini ɗaya ba. Wannan sharaɗi yana wahalar da 'yan kasuwa ainun, don dukiyar Bahaushe ba a banki take kwana ba, tana cikin buhu da garke da hannun abokan ciniki. Alhajin da zai iya sayen tirela gobe da safe yana iya kasa fitar da takardar banki mai tsabta. Ga harajin lafiya fam 776 a shekara, ga kuɗin biza sama da fam 500, ga gwajin tarin fuka da ake yi a asibitocin da aka amince da su kawai, kamar na hukumar IOM a Abuja da Legas, wanda takardarsa wata shida take aiki.

Dokoki biyu na Ingila ne suka fi ba mutanenmu mamaki. Tun 1 ga Janairu 2024 mai karatun digiri na biyu na zaman aji, wanda MBA ke ciki, ba ya tafiya da mata ko miji ko 'ya'ya. Magidanci sai ya tanadi cefanen gida biyu, matar aure kuma sai an zauna an yi shawara ta gaskiya da miji da iyaye tun kafin ta biya kuɗin fom. Ta biyun ta fi ciwo ga jinin kasuwa: an yarda ɗalibi ya yi aikin albashi na awa 20 a mako lokacin karatu, amma an hana shi sana'ar kansa. Wanda ya yi niyyar tafiya da huluna da turare da yadin shadda ya riƙa sayarwa ta WhatsApp yana wasa da bizarsa ne.

Tallafin karatu akwai, sai dai ƙofofin gwamnati sun ƙuntata. Hukumar TETFund ta dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025, a shekarar kuma gwamnatin tarayya ta soke shirin musayar ɗalibai da ƙasashe irin su Maroko da Rasha da Hangari, bayan ɗaliban sun daɗe suna kukan rashin alawus. Gwamnatin Katsina ta tura ɗalibai Masar da Sin, amma likitanci da fasaha ta fi ba ƙarfi. Mai neman kasuwanci ya fi dacewa ya dubi Chevening ta gwamnatin Birtaniya, wadda ake buɗewa a watan Agusta, tana neman shekara biyu na aiki, tana kuma sharaɗin a dawo gida a zauna shekara biyu. Ga MBA tana da iyakar abin da take biya, ragowar na ɗalibi ne. Akwai kamfanonin da ke ba da rancen karatu da dala, amma da kuɗin ruwa, abin da iyalai da yawa ba za su taɓa ba. Gara a san haka tun a gida da a je can a tsinci kai tsakanin riba da kora.

Shi kansa ajin wani abu ne daban. Ɗalibin da ya saba malam na karantowa yana kwafa zai tarar an miƙa masa labarin wani kamfani mai shafi 20, a ce gobe ya zo ya faɗi abin da zai yi da shi ne shugaba. Ana ba da maki a kan magana a aji. Kunya da kawaici, waɗanda a Daura alamar tarbiyya ce, a can ana iya ɗaukarsu rashin shiri. Za a haɗa shi rukuni da 'yar Indiya da ɗan Sin da ɗan Brazil a ce su fitar da aiki ɗaya, kuma malamar da ta girmi mahaifiyarsa za ta ce ya kira ta da sunanta tsirara. Wata uku na koyon Excel da saurin buga rubutu kafin tafiya sun fi sabuwar shadda amfani. Kwafo rubutun wani ba tare da ambaton mai shi ba kuwa laifi ne da ke kai ga kora, kuma manhaja irin Turnitin ce ke kamawa, ba ta jin magiya.

Amma yana da abin da 'yan ajin ba su da shi. Ranar da aka zo darasin haɗarin canjin kuɗi, ko yadda rufe iyaka ke karya jigilar kaya, ko yadda ake ba da bashin miliyoyi a kan amana ba tare da takarda ba, sauran daga littafi suka sani, shi a ƙofar gidansu aka yi. Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi shi kaɗai ya isa mutum ya rubuta kundin kammala digiri a kan yadda zai sauya farashin dakon kaya a kasuwannin iyaka.

Sauran guzuri ne da masauki. Fatake ba sa shiga gari sai sun san fatoman da zai sauke su, kuma ƙungiyoyin ɗaliban Najeriya da na Musulmi a jami'ar su ne fatoman yau. A neme su tun daga gida, su ne za su faɗi unguwar da haya ke da sauƙi, da inda masallaci da mahaucin halal suke, su kuma hana mutum tura kuɗin ɗaki ga wanda bai taɓa gani ba. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji galibi suna wucewa idan an bayyana su, kilishi da dambun nama kuwa a filin jirgin Ingila ko Amurka kwandon shara za su ƙare. Rigar sanyi a saya a can, sanyin hunturun Daura wasan yara ne, kuma a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi a Ingila, azahar da la'asar da magariba duk a cikin lokacin aji suke faɗowa. Magunguna irin su taramol na iya kai mutum kurkuku a Masar ko Dubai. Saƙon “don Allah ka miƙa wa ɗan'uwana” kuma a buɗe shi a gaban mai shi ko a ba shi haƙuri. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar da aka tsare a Saudiyya daga Disamba 2018 zuwa Afrilu 2019 ba, bayan wasu sun liƙa sunanta a jakar ƙwayoyin da ba tata ba a filin jirgi.

Ɗaliban Arewa da yaƙin Sudan ya ritsa da su a Khartoum a Afrilu 2023 sun kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar kafin a kwaso su a farkon Mayu, wasunsu sun baro takardunsu na asali a ɗakunan kwana. Tun daga lokacin masu shiri suke ɗaukar hoton kowace takarda su ajiye a imel, su bar kwafi a hannun wani a gida, su kuma yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya da zarar sun sauka. Layin wayar gida ma kada a bar shi ya mutu: a buɗe masa damar aiki a ƙasar waje tun kafin a tashi daga Kano, a riƙa sa masa kati lokaci-lokaci, domin ta kansa banki zai turo lambar sirri ranar da Baba ya sayar da shanu a Mai'aduwa ya ce an tura kuɗin zango na biyu.